Ba Na Zargin Kowa

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto kina yi wa Auta faɗa tun shafin baya, ki adana ragowar faɗan, yau za ki neme shi. In kin samu bakin yi ke nan.

*

Auta na tsaye gaban injin fotokwafi tana jera takardun wani kwastoma, sai ga ƙawarta Injiniya ta faɗo shagon ko sallama babu, kwamfuta a buɗe a hannu.

"Ajiye takardun nan."

"Ke lafiya? Mai shago na ciki fa."

"Ya fito ya same ni. Na ce ki ajiye."

Injiniya dai ko ƙofar makarantar injiniyoyi ba ta taɓa takawa ba. Sunan ya bi ta ne saboda ita ke haɗa wasan da suke yi su biyu. Auta ta rubuta labari ta zana hotuna, ita kuma ta ɗinke su a kwamfuta. Irin wasan nan ne da ake karantawa a waya: hoto a sama, rubutu a ƙasa, ɗan kiɗa, can sai a tsayar da kai a ce zaɓi. Asalinsa wasan wani Sufeto ne mai binciken kisa, masu shi suka watsar tuntuni, masoya suka ƙi haƙura, kowa na ƙirƙiro nasa babin. A babin su Auta, wani tsoho mai jinya aka tarar ya mutu a ɗakinsa, Sufeto ya zo gano wanda ya yi, wanda ka zarga kuma shi ke nuna ƙarshen da za ka samu. Tunda suka ɗora shi guruf ɗin masoya bai yi shiru ba, har kan Auta ya fara girma.

Injiniya ta dire kwamfutar a kan teburin yankan takarda.

"Wani ya kai ƙarshen nan."

"Wanne? Na direba ko na mai aiki?"

"Na ɓoye."

Auta ta yi dariya. "Kai, ƙarya kike. Wa zai kai can? Sai fa mutum ya danna 'Ba na zargin kowa' duk lokacin da Sufeto ya tambaye shi, tun daga farko har ƙarshe. Mutanen guruf kuwa kafin a gama tambaya sun rataye direba."

"To wani ya danna. Abin ƙirgar da na sa ya nuna min. Shi ne na ce bari in buɗe reshen in gani, don ni rabona da shi tun ranar da na haɗa."

"Ba ki gwada shi ba kafin mu ɗora?"

"Ke kin gwada?"

Babu wadda ta gwada. Sun bi kowane reshe sun share shi tas, amma wannan suka tsallake, don a tunaninsu babu mahalukin da zai buɗe wasan neman mai laifi ya ƙi zargin kowa.

Injiniya ta juyo mata da kwamfutar.

Auta ta kalla. Takardun kwastoma suka zame daga hannunta.

Ba zane ba ne. Hoto ne, ɗanye, yadda waya ta ɗauka. Tsoho kwance a tabarma mai ratsin kore, baki a ɗan buɗe ya karkace gefe guda, hannun dama a yashe kamar ba nasa ba. A gefensa kofin silba da cokali.

Babanta ne.

"Innalillahi..." in ji Auta.

"Kin tuna?" in ji Injiniya a hankali. "Lokacin da kika ce kin kasa zana gawa da ka. Na ce ki samo hoton wani a kwance mu sa na riƙon ƙwarya, in kin zana mu musanya."

Ta tuna mana. Ba a daɗe da sallamo Baba daga asibiti ba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya sha magani barci ya kwashe shi da rana. Ita kuwa ta laɓaɓa ta ɗauke shi hoto, har da gyara labule don haske ya yi kyau. Daga baya ta zana wani tsoho daban mai gemu, suka musanya a ko'ina. Ban da nan.

Kunya ta taso mata tun daga tafin ƙafa. Ji ta yi duk mutanen layin sun leƙo shagon suna kallonta, alhali ba kowa sai wata mata da ke jiran a yi mata hoton katin asibiti.

"Cire shi. Don girman Allah cire shi yanzu."

"Na cire tun a hanya, na ɗora gyararre. Amma wanda ya riga ya sauke, yana nan a wayarsa."

"Mutum nawa suka gani?"

"Ɗaya."

Auta ta dafe ƙirji. "Alhamdulillah."

"Kar ki yi saurin godiya. Mutum ɗaya ne, amma ba sau ɗaya ya shiga ba, ba sau biyu ba. Kullum sai ya koma. Yau ma ya shiga."

"Wane marar aikin yi ne wannan? An ba ka direba, an ba ka mai aiki, an ba ka ƙanin tsoho da idonsa ke kan gida, duk ba su ishe ka ba? Wallahi wasu dai ba su iya wasa ba."

"In ya ɗauki hoton fuskar wayar ya sa a guruf fa?"

"Rufe min baki."

Auta ta durƙusa tana tattara takardu. Da lokacin hutun rana ya yi, wanda kullum take zuwa gida ta ba Baba magani, ko mayafinta ba ta gyara daidai ba ta fita. A bakin titi ta tsaya ta saya masa ayaba, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Ni dai na ce, su Auta an san hanyar ba da haƙuri ba tare da an buɗe baki ba.

*

Tana sa mukulli a ƙofa ta ji shi.

Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.

Cokali a jikin kofi. Da shi Baba ke kiranta tunda muryarsa ta daina kaiwa falo.

"Na'am Baba! Ga ni nan!"

Ta jefar da jaka a kan kujera, ta nufi ɗakinsa da ledar ayaba a hannu. Ta ɗaga labule.

Ƙwal. Ƙwal.

Kofin na kan ɗan teburin gefen gado. Cokalin na kwance a gefensa, ba mai taɓa shi. Baba na zaune a bakin gado cikin farar rigarsa ta fita, maɓallai a karkace, ɗaya ya tsallake rami. A hannunsa na hagu tsohuwar wayar Yaya ce mai tsagaggen gilashi. Daga cikinta ƙarar ke fitowa.

Ita ta naɗi ƙarar da kanta, a ɗakin nan, don Injiniya ta ce wadda suka samo a intanet ba ta yi kama da gaske ba.

Ledar ayabar ta faɗi.

"Kin dawo?" in ji Baba. Maganarsa na jan ƙafa tun ciwon, sai ka nutsu kake ɗauka. "Shigo, Auta. Zauna."

Ba ta iya zama a kujera ba. A ƙasa ta zube, a kan tabarmar nan mai ratsin kore.

"Baba... wa ya sa maka wannan?"

"Yayanki. Likitar motsa jiki ta ce in riƙa danne-danne a waya, yatsu su saba. Na ce to a sa min abin da 'yata ke yi. Kullum ina jin ku ke da ƙawarki kuna dariya a falo, Sufeto kaza, Sufeto kaza." Ya ɗan yi murmushi da rabin bakin da ke motsi. "Na ce sai na gama in ba ki mamaki."

"Shi Yaya ya... ya yi wasan?"

"Wannan? Yana da lokaci ne?"

Ta sunkuyar da kai. Idonta ya sauka a kan wata jaka a bayan ƙofa, tsohuwar jakar tafiyarsa. An cusa kaya ba ninki, zif ya tsaya a rabi, hannun wata riga na leƙowa. Aikin mai hannu ɗaya ne.

"Baba, jakar mece ce wannan?"

Ya gyara tabarau da bayan hannu.

"Sufeton naku yana da gaggawa. Kowane lokaci, wa kake zargi, wa kake zargi. Ya kawo min direba. Na ce ban ga ya yi ba, ga shi da 'ya'ya ƙanana. Ya kawo yarinyar aiki, wai an ga maganin a ɗakinta. To don an gani a ɗakinta? Duk shekarun da na yi ina shugaban makaranta ban taɓa dukan yaro a kan an ce an ce ba. Sai na riƙa danna na ƙasan."

"Ba na zargin kowa," ta faɗa can ƙasan maƙoshi.

"Shi."

Wanda ta gama kira marar aikin yi ɗazu ke nan. Ta ji kamar ta haɗiye harshenta.

"Baba, hoton nan kuskure ne, wallahi tallahi kuskure ne. Na ɗan lokaci muka sa, za mu cire muka manta. Ba wanda ya gani, mun ma cire shi yau, ka yafe min, ban..."

"Hoton bai dame ni ba."

Ta ɗago.

"Da farko dai na tsorata," ya ce. "Mutum ya ga gawarsa da rana tsaka. Amma na ce, to, haka zan yi ke nan, ba laifi. Kin ma gyara min labule." Ya juyo da wayar wajensa. "Rubutun ƙasan ne."

"Baba kar ka karanta."

"Bari in gani ko har yanzu na iya karatu a fili."

"Don Allah Baba."

Ya matso da wayar kusa da ido. A wannan ƙarshen, da Sufeto ya rasa wanda zai kama, 'yar tsohon ce ke biyo shi bakin ƙofa ta yi magana. Baba ya fara karantawa, kalma na jan kalma, harshe na sarƙewa yana komawa baya yana gyarawa, kamar yadda yake sa ɗalibai yi a da.

"Ba wanda ya kashe shi, Sufeto. Na ji yana buga cokali. Na ji sarai. Na juya na ja bargo. Na ce bari ya ƙara bugawa, in ya ƙara zan tashi." Ya tsaya ya haɗiye yawu. "Bai ƙara ba. Ba ƙinsa nake yi ba. Na gaji ne. Wallahi gajiya ce kawai."

Ƙwal, in ji wayar. Sannan kiɗan ya mutu.

Auta ta cusa fuska cikin mayafi. Da a ce zaginta ya yi, da ta samu inda za ta riƙe. Wannan karatu da ya yi a nutse, shi ya fi komai ciwo.

"Labari ne kawai, Baba," ta ce cikin kuka. "Ƙirƙira ce. Haka ake rubutawa don ya taɓa zuciyar mai karatu."

"Ya taɓa kuwa." Ya gyaɗa kai. "Na duba, ba kuskure ko ɗaya. Direban nan da kika rubuta, da ji kin san ba ki taɓa zama da direba ba. Ƙanin tsohon ma haka, maganarsa irin ta fim ce. Amma yarinyar nan..." Ya ɗan daki fuskar wayar da babban yatsa. "Wannan kin san ta."

Ta ƙara cusa fuska cikin mayafi.

"Akwai lokutan da nake bugawa ba kya zuwa. Sai in ce tana da abin jin waƙar nan a kunne, ba ta ji ba." Ya dube ta ta saman tabarau. "Kina ji, Auta?"

Ga zaɓi an kawo mata, ba kiɗa, ba damar komawa baya. Ƙarya na nan kusa, kalma biyu ce, kuma ta san zai karɓa.

"Wani lokacin," ta ce.

"Yawwa. Allah Ya yi miki albarka da ba ki min ƙarya ba."

"Amma ina tashi, Baba! Wallahi daga baya ina tashi! Ko sau ɗaya ban taɓa barinka..."

"Na sani. Ba ga ni da rai ba?"

Ta rarrafo ta kama ƙafarsa, wadda ba ta ji sosai. "Lokacin da na rubuta abin nan ba na cikin hankalina. Ga shago, ga wanki, ga asibiti, ba barci. Na rasa wanda zan faɗa wa. In na faɗa wa Yaya ya ce raki ne da ni. Sai na zuba shi a inda na san ba mai zuwa. Na ɓoye shi ne, Baba. Na sa shi a bayan ƙofar da na tabbata ba wanda zai buɗe."

"Sai ga tsohon banza da bai iya wasa ba."

Kuka ya ƙwace mata da ƙarfi, don kusan abin da ta faɗa ke nan a shago, har ta fara tunanin ko iska ce ta kawo masa.

Ya bari ta yi mai isarta. Sannan ya ce, "Kin san me ya sa nake ta komawa?"

Ta girgiza kai.

"Nema nake ko akwai hanyar da yarinyar za ta tashi. Na ce ƙila in na gaishe da ita da kyau a farko. Ƙila in na ƙi shiga ɗakinta da bincike. Na bi nan, na bi can, yatsan nan har ya yi kanta." Ya nuna mata. "Ba ki sa hanyar ba."

"Tun kafin a fara wasan tsohon ya riga ya..." Ta kasa ƙarasawa.

"Haka na gani daga baya."

Ya ajiye wayar a kan cinyarsa. Ya miƙa hannun hagu, da ƙyar, ya ɗauko cokalin daga kan tebur. Ya kamo hannunta ya buɗe tafin ya sa mata shi, ya naɗe yatsunta a kai ɗaya bayan ɗaya.

"Mayar da shi kicin. Can ne wurinsa."

"A'a Baba. A'a. Ka buga, ka yi ta bugawa, ko sau nawa ne, wallahi da gudu zan zo."

"Ai shi ne ba na so. Da, in kin zo, na san zuwa kika yi. Yanzu in na buga kika shigo da gudu, ni da ke duk mun san dalili."

Wannan magana ta zauna mata a ƙirji ta ƙi wucewa. Don gaskiya ce.

"Na kira yayanki da safe," ya ce. "Na ce ya zo ya ɗauke ni in koma wajensa."

"Wajen Yaya? Baba, hawa na uku yake! Shi da matarsa tun safe suke fita sai magariba. Wa zai ba ka magani? Wa zai kai ka banɗaki? Bai ma san wanne ake sha kafin abinci ba!"

"Zai koya. Ke ma ba da shi aka haife ki ba."

"Kora ta kake yi ke nan."

"Hutu nake ba ki. Yarinya ce ke, Auta. Ki yi barci. Ki yi wasanki, kin iya shi." Muryarsa ta ɗan karye a nan, ya yi tari ya rufe. "Ba fushi nake ba. Kunya nake ji. Ina kwance a nan ina ta ƙwal-ƙwal kamar mai kiran ma'aikacin otal, ban taɓa tambayar ki ko kin gaji ba."

Jama'a, ita ta yi laifi, shi ke jin kunya. Ku faɗa min inda mutum zai sa kansa.

Sai ga hon a waje. Dogo, sau biyu, irin na wanda bai saba jira ba.

Auta ta miƙe zumbur tana goge fuska da mayafi, cokali a dunƙule a hannu. Kafin ta gama, an turo ƙofar falo, takun takalmi ya nufo ɗakin.

"Salamu alaikum! Baba? Na baro aiki a rabi fa, oga har yana harara ta."

Yaya ya ɗaga labule, mukullin mota na kaɗawa a yatsa. Ya gaida Baba a gurguje. Idonsa ya bi ɗakin: jaka a bayan ƙofa, ayaba a ƙasa, idon Auta jawur. Fuskarsa ta canza.

"Me ke faruwa a gidan nan? Mutumin da na yi ta roƙo ya dawo wajena ya ce shi da ɗakinsa sai mutuwa, yau shi ke kirana da sassafe?" Ya juyo kanta. "Ke. Me kika yi masa?"

Ta ƙara damƙe cokalin a hannu.

"Magana nake miki! Baba, faɗa min. Wani abu ta ce maka? Ta yi maka rashin kunya ne?"

Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan wayar da ke cinyarsa, ya rufe ta. Ya dubi ɗansa, ya dubi 'yarsa.

"Ba na zargin kowa," ya ce.

Auta ta toshe baki da hannu. A ɗakin, ita da Baba kaɗai suka san inda wannan zaɓin ke kaiwa.

Yaya ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. "Shi ke nan, kullum haka, a yi min rufa-rufa. Tashi mu tafi. Kawo wayar in sa maka a jaka, cajarta na ina?"

"Bar ta a hannuna."

"Da wane hannun za ka riƙe sanda? Kawo, Baba."

Ya sunkuya ya zare ta. Yatsun Baba suka bi ta, ba su da ƙarfin riƙewa. Babban yatsan Yaya ya sauka a kan gilashin.

Fuskar wayar ta kawo haske.

Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.

Yaya ya tsaya cak. Ya kalli hoton. Ya karanta layin farko, leɓɓansa na motsi. Sannan a hankali ya sauke ido zuwa ƙasa, inda takalminsa ke take da ratsin kore.

"Auta," ya ce, muryarsa ta yi sanyi irin wanda ba ta taɓa ji ba. "Wannan ba tabarmar nan ba ce?"